Ɗakin Ƙarshen Baranda

A bencin tasha, wani magidanci ya ƙara sautin rediyonsa. Dattijuwar da ke gefensa ta juyo.

"Ɗan nan, me suke cewa?"

"Doka aka kafa, Inna. Gwamnatin ƙasa za ta haɗa kai da ƙananan hukumomi kan masu kutse a kwamfuta."

"To, kai ina ruwanka?"

"Ni kaɗai ke kula da kwamfutocin ƙaramar hukumarmu. Ofishina na can ƙarshen baranda, ko masinja ba ya leƙowa. Yanzu in an yi mana kutse, dole manya su kira ni."

"Allah ya kiyaye."

"Amin dai, Inna." Ya duba wayarsa, ya mayar aljihu. "Amma wallahi, wani lokacin har fata nake a yi."