Batir ɗin da maigidana ya haɗa yana ƙauri

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hadiza, daga wani ƙauye kusa da Gazawa.

Kafin maigidana ya tafi cirani, ya haɗa mana batir da hannunsa. Ƙananan batiran tsofaffin ordinatar, wato kwamfuta, ya tara, ya jera su cikin akwatin katako, hasken rana ke cika su. Wannan batir ke riƙe ɗan firigon da muke ajiye allurar ciwon sukari ta surukata, Inna.

Tun shigowar bazara wayoyin suke zafi har ba su taɓuwa. Ɗaki ya ɗauki ƙaurin roba, firigo ya riƙa mutuwa yana tashi alhali batir cike yake. Na ɗora akwatin a kabu-kabu har Agiye. Mai gyara ya ce wayoyin sun yi siriri, kuran, wato wutar lantarki, na wucewa da ƙyar, shi ke kawo zafin. Mahaɗan ma murɗe su aka yi kamar igiyar akuya, aka naɗe da robar keke. Na ce, "Malam, to gyara mini." Ya ce, "Baiwar Allah, irin wannan in ya kama wuta sai Allah. Ba ni taɓawa."

Haka na dawo da akwatin gida na sake haɗa shi. Maigida kuwa layinsa ba ya shiga. Inna cewa take in kashe, ai ita ta tsufa. In na kashe, allura ta lalace. In na bari, a ɗakin nan yarana suke kwana.

Don Allah masu sani ku faɗa mini yadda zan yi. Ina gindin rediyo ina jiranku, kuma yanzu ma ƙaurin nake ji.