Ba Su San Ni Ce Uwarta Ba

Assalamu alaikum Malama, sannu da aiki. Daga Ƙarfi nake rubutowa. Ɗiyata ce ta kai ƙarar ɗan gwagwarmayar siyasar da take yi wa sakatariya, saboda ya kulle ofis ya nemi ya keta mata haddi.

Ran kasuwar Bakori na shiga mota, na tarar maza suna ta gardama a kanta. Wani ya ce, "Makirci ne, abokan hamayyarsa suka turo ta." Na kusa da ni ya ce, "Hajiya, ke me kika gani?"

Na ce, "Ni na ɗinke rigar da ya yaga mata." Motar ta yi tsit har Funtua.

Wallahi na gaji da bayani. Jama'a ku ba ni shawara, mu ci gaba da shari'ar, ko mu bar shi da Allah?