Yatsu Biyun da Tukunyar Birki Ta Ci

Mai girma shugaban wannan zama, shugabannin ƙungiyarmu ta direbobin manyan motoci, iyayenmu makanikai, iyalan Baba da ke layin gaba, da duk wanda ya ajiye aikinsa ya zo, ina yi muku sallama da gaisuwar ban girma.

Ina godiya da aka ba ni damar magana a ranar da Baba yake ajiye sifana, bayan shekara arba'in a ƙarƙashin motocinmu. Akwai maganar da na riƙe shekara goma sha bakwai, wadda in ban faɗe ta yau ba, Baba zai koma gida da laifin da ba nasa ba. Ku yi haƙuri da ni, zan iso gare ta.

Abu na farko da Baba ya koya mana shi ne zaɓe. Tukunyar birki, wadda iska ke shiga ta tura birki ya kama taya, ba a zaɓenta da ido. Baba zai goge maiƙo ya karanta lamba, ya auna tsawon sandarta, kuma ko kuka za ka yi ba zai sa babba a dama ƙarama a hagu ba. Ka kawo masa guda ɗaya, sai ya ce, "Ina 'yar'uwarta? So kake ka taka birki a gangara mota ta fizge ka gefe?" Wanda bai taɓa jin haushin wannan tambaya ba, ya ɗaga hannu mu gan shi.

Na biyu, ya koya mana tsoron abin da ke ciki. Akwai sifirin a matse a cikin tukunyar nan, mai ƙarfin da zai fasa kan mutum, kuma ba a taɓa ta sai an ɗaure shi da ƙusarsa. Ya faɗa mana da safe, ya faɗa mana da rana, ya faɗa har muka riƙa kwaikwayon muryarsa. In ya faɗa, sai wani ya nuna hannun Baba na dama mai yatsu uku ya ce, "Baba, ai kai ma ka manta sau ɗaya." Shi kuma ya yi dariya ya ce haka ne.

Jama'a, Baba bai manta ba.

Ni ne na shigo gareji ran nan da kaya a baya, tukunya tana huci, mai motar yana nemana ruwa a jallo. Baba ya ce in jira ya samo guda biyu daidai da juna. Na ce, "Baba, nawarka ta yi yawa, wannan ko ni sai in kwance." Yana juya baya na ɗauki sifana na hau kwance zoben da ke riƙe da ita, sifirin ba a ɗaure ba, fuskata daidai bakinta. Ban ji tahowarsa ba, sai dai na ji an ture kaina, na kuma ji ƙara. Abin da ya nufo fuskata, hannunsa ya samu, ya tafi da yatsu biyu.

A hanyar asibiti, jini ya jiƙa rigarsa, ya dube ni ya ce, "Matarka tsohon ciki gare ta, ko? In mai motar ya ji, aikinka ya tafi. Ni na kwance ta, ka ji ko?" Na ce na ji. Na bar shi da tsokanar mutane, ni kuwa na tafi da aikina da idanuna biyu. Yarinyar da aka haifa ga ta can kusa da mahaifiyarta, ta tashi ubanta yana raye.

Baba, ran nan ka ce in jira, na ƙi. Ka ce kada in faɗa, yau ga shi na faɗa. Ka yafe mini duka biyun.

Allah ya saka maka da abin da ba za mu iya ba, ya sa hutunka ya zo da lafiya, ya albarkaci zuriyarka. Allah ya tsare duk mai kwanciya a ƙarƙashin mota da duk mai zama a bayan sitiyari, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.