Rumbun da Ba Ya Raguwa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta.

Mai girma shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, malamanmu na allo da na Islamiyya da na boko, iyayena mata da suka baro aikin gida suka zo, ƙannena 'yan Gaya da Ajingi da Allah Ya ba gurbin karatun Turanci a jami'a, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga ƙungiyar ɗalibai da ta ga ya dace ni, Barira Usaini Toranke, malamar aji, in tsaya gaban manya in yi magana a kan laburare. Abin da ya same ni zan faɗa, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

A shekarata ta ƙarshe a jami'a na zaɓi rubuta kundina a kan yadda yaran ƙauye ke koyon Turanci. Sau biyu malamin da ke duba aikina yana mayar mini da shi, wai ba ni da madogara. Ya ba ni mako uku, in ban kawo ba sai baɗi. Na bi kantocin laburare ɗaya bayan ɗaya, littattafai uku na samu, duk sun girme ni. Na zauna na yi tagumi, ina tunanin abin da zan faɗa wa mahaifina in na sauka daga motar Ajingi.

Wani dattijo ma'aikacin wurin, Malam Badaru, ya ɗauki katina a kan tebur ya karanta. Ya ce, "Toranke? Ai ni mutumin Gaya ne. 'Yata, kin hau sama kuwa?"

Na ce, "Baba, na ɗauka ɗakin sama na masu babban digiri ne."

Ya ce, "Na duk mai kati ne. Taso."

Shekara uku ina wuce wannan matakala ban taɓa taka ta ba. Ya zaunar da ni gaban kwamfuta, ya ba ni lambar sirri ta shiga rumbun bayanai na intanet, inda ake tara mujallun masana. Ya koya mini in rubuta kalma biyu ko uku, in zaɓi shekarun da nake so. Sai ga maƙaloli suna ta fitowa. Wata malama can gabashin Afirka, wani malami a wani tsibiri da ban taɓa jin sunansa ba, duk suna kuka da abin da yaranmu ke kuka da shi. Na ji kamar ina ƙarƙashin tsamiyar makarantarmu, sun kewaye ni a kan tabarma, kowa na faɗin nasa, ba mai tambayata 'yar waye.

Aikina ya wuce. Da na dawo gida na ba mahaifina labari, yana zaune yana ɓarar gyaɗa. Ya ce, "Wannan rumbu, in an ɗiba yana raguwa?" Na ce a'a. Sai ya ce, "To ke me kika zuba a ciki?"

Maganar ta hana ni sukuni. Na koma na gyara kundin, Malam Badaru ya sa shi a rumbun jami'a. Bayan wata bakwai wata malama daga ƙasar da ban taɓa zuwa ba ta rubuto mini, tana tambaya ko yaran Toranke sun ci gaba da karatu.

Saboda haka, ƙannena, ku hau sama tun makon farko, ku karɓi lambarku. Ku gaisa da ma'aikatan laburare, domin matambayi ba ya ɓata. In kun ɗauki maganar wani, ku faɗi mai ita, amana ce. Ku kuma rubuta namu, ku rubuta kasuwar Ajingi da azuzuwan Gaya, don in ba ku rubuta ba, babu mai zuwa ya rubuta mana.

Ina hango ranar da yarinya za ta dawo daga gona, ta wanke hannu, ta buɗe waya, ta tarar da sunan ƙauyensu a rubutun yayarta. Ina fatan ɗaya daga cikinku ce yayar.

Allah Ya buɗe muku ƙofofin sani, Ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri, Ya ba mu damina mai albarka, Ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.