Akwatin Intanet a Bayan Firji

A shagon gyaran kwamfuta, mutum biyu na jiran layi a kan benci: wani magidanci da kwamfutar tebur a gabansa, da wata mata rungume da firinta.

"Malam, taka me ya same ta?"

"Ba komai, Hajiya. Lafiyarta ƙalau."

"To me ya kawo ka?"

"So nake mai gyara ya duba min aikin maƙwabcina. Dole akwai abin da ya ɓata."

"Shi ya lalata ta?"

"Wai gyarawa ya yi! Kwana da kwanaki intanet na yankewa a gidana. Na sauke manhaja, na sake ɗorawa, na sayo sabon kebul, garin gyara har na goge hotunan bikinmu. Ina fita aiki, maiɗakina ta kira shi. Ya ɗauko akwatin intanet ɗin daga bayan firji, ya ɗora a kan kabad. Shi ke nan fa!"

"Wa ya sa shi a bayan firjin?"

"Ni, don kada yara su taɓa. Ba wannan ne zancen ba."

"Amma yanzu yana aiki?"

"Ko sau ɗaya bai sake yankewa ba, shi ne abin haushin. Jiya autana ya manta kalmar sirri. Ina zaune a gabansa, ya wuce ni, wai zai tambayi Kawu Injiniya. Injiniyan me? Akwati kawai ya ɗaga!"

Matar ta dubi tsawon layin, ta gyara zama.

"Malam, don Allah kada ka ji haushi. Maƙwabcin nan naka, yana duba firinta?"