Sunan Zuhura a Bayan Takarda

Sufyan: Salamu alaikum. Fofo, sannu, Madam. Nan ofishin kwastan na ƙasar Benin ne, mun kama wani injin ban-ruwa da...

Zuhura: Wa alaikumus salam. Sufyan, ko cikin tulu ka shiga na san muryarka.

Sufyan: Kash. Da wagga murya jiya na sa abokina Sadisu ya sauka daga babur yana rantse-rantse.

Zuhura: Sadisu ba taubashinka ba ne. Ina wuni, bawana?

Sufyan: Lafiya lau, uwargijiyata. Ina gajiya?

Zuhura: Babu gajiya. Yaya Gwaggo da ƙafa?

Sufyan: Da sauƙi, jiya har ta taka zuwa bakin gulbi. Yaya Kawu Badamasi da idanu?

Zuhura: Sai godiya. Yana zaure.

Sufyan: Maigidanki Manu fa, da yara?

Zuhura: Duk lafiya. Wane irin ihu ne wanga bayanka?

Sufyan: Kasuwar Lolo nake. Kin san in ban zo ba, ba ta ci. Mutanen tsallake sai sun ga hulata suke kwance kaya.

Zuhura: Sai sun ga mi? Layin yana yankewa.

Sufyan: Hulata na ce. Bari in matsa gindin mangwaro. Kina jina?

Zuhura: Ina jinka.

Sufyan: Kwana huɗu ba ki ɗauki wayata ba.

Zuhura: Hannuna da baƙin mai.

Sufyan: Kwana huɗu cur?

Zuhura: Injuna sun yi yawa. Faɗi abin da ke tafe da kai.

Sufyan: Maganar horon nan ce da za a yi a Bagudo, na injunan ban-ruwa masu aiki da hasken rana. Mutum goma anka ba ƙungiyarmu ta Kende, sati biyu, kowa ya dawo da akwatin kayan gyara.

Zuhura: Na ji. Na kuma ji sakataren ƙungiya ya rubuta ni cikin masu dafa musu abinci.

Sufyan: Wa ya faɗa miki?

Zuhura: Matarka Safina. Ta ce har da murna ka karanta mata.

Sufyan: Wallahi Zuhura, lokacin da na rubuta, gani nake alheri na yi miki.

Zuhura: Na sani. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da mugunta ka yi, da na zage ka na huta.

Sufyan: Kin san yadda muke yi. Ranar Juma'a in an sauko, nan ƙofar masallaci ake rubuta suna. Wanda idona ya gani, shi alƙalami ya gani.

Zuhura: Har Sadisu, wanda bai san inda fulogi yake ba.

Sufyan: Yana gabana, ya miƙo hannu.

Zuhura: Shekara shida tun da idon Baba ya raunana. In an kawo inji zaurenshi, wa ke ɗauka ya shigo da shi cikin gida?

Sufyan: Ni, sau da yawa.

Zuhura: Gaban wa kake ajewa?

Sufyan: Gabanki.

Zuhura: In ka fita, sai ka ce wa mai shi Kawu ya gyara.

Sufyan: Haka kowa ke cewa.

Zuhura: Ban tambaye ka kowa ba.

Sufyan: To, ki bari in ba ki labarin kunyar da na sha. Shekaranjiya na kai takardar ofishin masu horon. Wata Malama Jannatu ce ke karɓa. Ta duba, ta ce, wa ke gyaran injunanku yanzu? Na gyara hula, na ce ai taubashiyata ce, daga Sharabi har Dole Kaina babu mai hannunta, inji in ya ji takunta tashi yake da kanshi.

Zuhura: Kai dai ba ka rasa ƙari.

Sufyan: Ta ce, madalla, wace lamba ce a nan? Na bi ɗaya zuwa goma da yatsa. Sai na juya takardar, ga sunanki a baya cikin masu dafa abinci.

Zuhura: Sai ta ce mi?

Sufyan: Kallona kawai ta yi ta saman tabarau. Ni da ko shugaban makarantarmu bai taɓa sa na sunkuyar da kai ba har na bar musu abinsu a aji biyu, sai ga ni ina ƙirga yatsun ƙafata.

Zuhura: Da na so in gani.

Sufyan: Duk hanya ina tunani. Ni ne mai yi wa mutane gori a majalisa cewa sun danne matansu. Ashe abin yana cikin kaina zaune, ya shimfiɗa tabarma, ban san da shi ba. In an ce gyara, namiji nake gani. In an ce ke, sai in ga tukunya. Ki yafe mini.

Zuhura: Yau kuma babu wasa a ciki?

Sufyan: Babu. Na soke sunana, na sa naki a lamba ta ɗaya. Na kuma gaya wa shugaban ƙungiya, daga yau takarda ba ta rufewa a ƙofar masallaci sai Safina ta zaga da ita gidaje.

Zuhura: Naka ka soke? Kai da ka ɗinka sabuwar riga don tafiyar?

Sufyan: Ni mi za a koya mini? Rana da kanta ta san ni. Kuma kada ki damu, na gama komai. Na je wurin Kawu, ya sa albarka. Na sami Manu a fadama, ya ce Gwaggonki ta riƙe yaran. Na samo miki masauki gidan ƙanwar shugaba. Jibi da safe mota...

Zuhura: Sufyan.

Sufyan: Na'am.

Zuhura: Ka tambayi Baba, ka tambayi Manu. Saura wa?

Sufyan: Mai gari? Ai ba sai an...

Zuhura: Sake dubawa.

Sufyan: Halo?

Zuhura: Layin lafiya yake. Ina jin numfashinka.

Sufyan: Innalillahi. Na sake, ko?

Zuhura: Ka sake.

Sufyan: Zuhura, kina son zuwa?

Zuhura: Ina so. Tun ranar da na ga injin nan a gonar wani a Sharabi nake son in buɗe cikinshi in gani.

Sufyan: Alhamdu lillahi. Ai ni dama tun farko na san...

Zuhura: Yi shiru haka nan, kada ka ɓata. Ka gaida Gwaggo.

Sufyan: Tsaya mana in ƙarasa. Halo? Zuhura?