Taku Ashirin Cikin Ruri

A tashar jirgin ƙasa kusa da unguwar Água de Meninos, can ƙetaren teku inda aka kai bayi, shekarar 1866, na ji wata tsohuwa mai ƙosai da wani baƙo mai dogon wando suna Hausa ƙasa-ƙasa.

"Iya, bututun tururin nan na gefen jirgi, kullum haka yake ruri?"

"Kullum, ɗan nan! Ba su toshe masa baki da komai ba. Ranar da na fara jin sa kaskona na kifar. Na ɗauka bindigogin bariki ne suka dawo, irin na ranar boren bayi da aka kashe mijina a bakin ruwan can."

"In ya fara, yana daɗewa?"

"Kamar Fatiha biyu. Me ya sa kake… Tsaya. Motsa ƙafarka in ji."

"Iya, don Allah."

"Innalillahi! Mari ne a ƙafarka? Gudowa ka yi daga gidan ubangijinka?"

"Rage murya! In ɗan sandan bakin ƙofa ya ji ƙarar ƙarfen nan, yau bulala ce ajalina. Tun safe na kasa ɗaga ƙafa."

"Taku ashirin ne zuwa taragon kaya. Ga shi sun fara zuba wa jirgin kwal, yanzu zai yi ruri."

"In ya yi shiru ina tsakiya fa?"

"Sai in kurma ihu in kifar da kasko. Duk tashar nan an san tsorona, ba mai zargi. Tashi, ya fara! Shekara shida ina tsine wa bututun nan, yau kam Allah ya ƙara masa murya!"